Yadda Ake Fitar da Sabon Irin Wardi na Kasuwar Yankakken Fure

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonar gero lokacin da take bununi ya riga ya ga rabin wannan aiki da idonsa. Garin nan mai ruwan ɗorawa da iska ke kwasa daga wannan kai zuwa wancan, irinsa ne mai fitar da sabon wardi yake ɗauka da ɗan buroshi ya ɗora a inda ya ga dama. Yaro ɗan shekara 12 zai koyi wannan ɓangaren da hantsi ɗaya. Abin da ke cin shekaru yana gaba: a shuka dubbai, a tumɓuke kusan dukkansu, har da waɗanda suka fi kowa kyau, a bar ɗaya ko biyu da za su iya kwana a kwali, su hau jirgi, su sauka a wata nahiya, sannan su buɗe a ɗakin wanda bai san inda aka noma su ba.

Wardin da ake magana a kansa shi ne mai fure ɗaya babba a kan dogon kara miƙaƙƙe, wanda tohonsa ke da tsini yana warware a hankali kamar rawani. 'Yan kasuwar fure suna kiran danginsa haibirid-tii, saboda an samo shi ne daga barbarar wardin shayi, mai asali daga ƙasar Sin, da wani dangi na Turai mai jure sanyi. Ana ɗaukar La France, wanda Jean-Baptiste Guillot ya fitar a birnin Liyon na Faransa a 1867, a matsayin na farko a wannan dangi. Yau manyan gidajen da ke fitar da irin na kasuwa suna Jamus da Holan da Faransa, irin su Kordes da Tantau da De Ruiter da Schreurs da Meilland, noman kuwa ya koma tsaunukan Kenya da Habasha da Ekwado da Kolombiya, a cikin rumfunan leda masu faɗin kadada da yawa.

Ka fara sanin wanda zai saya

Kafin ka taɓa fure ko ɗaya, zauna ka rubuta a takarda irin wardin da kake nema, da lambobi. Kalmar "kyakkyawa" ba ta da amfani a wannan takarda. Ana auna kara da santimita, daga 40 zuwa 90, ana rarraba shi goma-goma, kuma kuɗin yana hawa da tsawo. Manyan kantunan Turai suna sayen gajeren kara mai matsakaicin kai da za a ɗaure goma a dami ɗaya, don haka manomin da ke sayar musu yana son iri mai yawan haihuwa, kara 200 ko fiye a kowace murabba'in mita a shekara. Kasuwar Rasha kuwa an san ta da son dogon kara mai ƙaton kai, irin wanda Ekwado ke nomawa a yankin Cayambe, kusan mita 3,000 sama da teku, inda sanyi ke sa furen ya yi nawa amma ya yi girma. Iri ɗaya ba zai yi wa waɗannan kasuwanni biyu aiki ba.

Sai launi. Ja shi ne sarkin kasuwa, musamman a makonnin da ke gaban ranar masoya, 14 ga Fabrairu, amma nan ne gasar ta fi zafi. Duk sabon ja sai an ajiye shi kusa da Freedom na Tantau ko Red Naomi na Schreurs an gwada, kuma manomi ba zai tumɓuke rumfa guda ya sake dashe don abin da bai fi na hannunsa ba. Ni a ganina, mai farawa da ƙaramin ƙarfi ya bar ja da fari wa manya, ya nemi wani launi da ke da gurbi: ruwan goro mai duhu, ruwan hoda mai gauraye da madara, ko mai launi biyu. Shuɗi kam kada ka ɓata lokacinka. Wardi ba shi da ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin shuɗi, shi ya sa kamfanin Suntory na Japan sai da ya ɗauko ta daga wani furen daban a ɗakin gwaji, kuma Applause ɗin da ya fito da shi kasuwa a 2009 ya fi kama da shunayya.

Zaɓen iyaye

A nan karin maganar barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba ta aiki. A wardi barewa na gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma mafi yawan 'ya'yan haka suke. Dalilin yana cikin halittarsa. Wardin daji da yawa yana da kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da halayen gado, guda 14, wato kowane hali yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wardin kasuwa na zamani yana da 28, kowane hali kwafi huɗu. Ɗauki halin da yake ɓoyayye, wanda ba ya bayyana sai duk kwafin sun zo iri ɗaya. A tsiro mai kwafi biyu, idan iyayen duka suna ɗauke da shi, ɗa 1 cikin 4 zai fito da shi. A mai kwafi huɗu, idan kowane cikin iyayen yana da biyu-biyu, ɗa 1 ne cikin 36. Yanzu ka haɗa halaye goma da kake so su taru a tsiro ɗaya, ka ga dalilin da ya sa manyan kamfanoni ke shuka iri dubu ɗari ko fiye a shekara.

Da yake ba ka da dubu ɗari, sai ka rage asara ta wajen zaɓe. Ka zaɓi iyayen duka biyu daga cikin ire-iren rumfa, waɗanda an riga an tace su ta fuskar kaurin fallen fure da ƙarfin kara. Idan ka shigo da wardin lambu don ƙamshinsa ko juriyarsa ga cuta, ka sani ka ɗauko aikin zuriya uku ko huɗu, domin zai zo da lallausan falle da lanƙwasasshen kara, sai an yi ta mayar da 'ya'yan ga irin rumfa kafin su koma hanya. Kuma kowane baƙon jini yana zuwa da kayansa. Joseph Pernet-Ducher ya shigo da launin rawaya cikin wannan dangi da Soleil d'Or a 1900, ta hanyar wani wardin Farisa, sai ga shi tare da launin ya shigo da rauni ga cutar baƙin ɗigo a ganye, wadda ta bi zuriyar shekaru da dama.

Akwai abin da littafi ba zai faɗa maka ba sai ka gwada: wane iri ne uwa ta gari, wane ne uba na gari. Wani irin furensa ya cika falle har babu wurin maza, ba za ka samu bununi a jikinsa ba. Wani yana ɗaukar ciki amma ya zubar da ɗan kafin ya nuna. Wani yana ba da iri mai yawa wanda ba ya tsirowa. Don haka shekarar farko ka ɗauke ta ta sanin iyaye. Ka bar wasu furanni a kan kowane tsiro ka ga wanda ke ƙulla 'ya'ya da kansa, ka shuka irin ka ga nawa ya tsiro. Wanda ya ci wannan jarrabawa shi ne uwa. Tsiron da za a yi uwa da shi a daina yanka masa fure, a rage masa takin da ke sa ganye, domin tsiron da ya ƙoshi da irin wannan taki ya fi son sabon reshe a kan rainon ɗa.

Ranar barbara

Kayan aikin kaɗan ne: matsefata mai tsini, ƙaramin almakashi, buroshin zane mai laushi, ƙananan kwalabe ko faranti masu murfi, sifirit na goge hannu da kaya, takardun ɗaurawa da fensir. Fensir, domin tawadar biro tana gogewa da ruwa da rana. Sai littafi mai kauri.

A Turai ana yin barbara daga bazararsu zuwa farkon zafi, wajen Afrilu zuwa Yuni. A tsaunukan da ke kusa da tsakiyar duniya ana iya yi kusan kowane wata. Abin kiyayewa shi ne zafi: idan rumfa ta wuce digiri 30 na Selsiyas, bununi yana rauni, cikin kuma yana zubewa. Wanda zai gwada a tudun Jos ko Mambila yana da sa'a a kan na Kano ko Maraɗi, inda sai dai a yi a tsakiyar hunturu.

Da yamma, ko da sassafe kafin rana ta ɗaga, ka zaɓi tohon uba wanda koren ganyen da ke rungume da shi ya sauka, falle ɗaya ko biyu sun fara saki. Cire fallayen. A tsakiya za ka ga tarin tsinkayen mace, kewaye da su zaren maza, kowane da 'yar jaka rawaya a kansa. Jakunkunan nan ka tsinke da matsefata cikin faranti, ka rubuta sunan irin a jikinsa, ka ajiye a ɗaki mai inuwa da bushewa ba tare da murfi ba. Zuwa washegari sun fashe, ka ga gari rawaya a ƙasan farantin idan ka girgiza. In babu gari, uban nan ba shi da abin bayarwa, nemi wani. Bununin da ya bushe yana kwanaki a firji idan an rufe shi da 'yar jakar nan mai shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko magani, yana watanni a firiza. Idan ka fito da shi daga sanyi, bar kwalbar ta huce kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa ta sauka a kai ta kashe shi.

Ita kuma uwa fiɗiya za a yi mata, kuma lokacin yin ta shi ne inda masu koyo suka fi faɗuwa. In ka yi sauri, macen ba ta isa ba. In ka yi jinkiri, jakunkunanta sun fashe ta yi wa kanta barbara, ka yi shekara kana rainon abin da ba ka haɗa ba. Toho a matakin da aka faɗa na uba shi ne daidai. Cire fallayen duka a hankali, kana riƙe da gindin furen da yatsu biyu kada wuyan ya karye. Tsinke mazan kaf, ka sake dubawa, da madubin ƙara girma in kana da shi, domin jaka ɗaya da ta maƙale a tsakanin tsinkayen mace ta isa ta ɓata aikin. Waɗannan da ka cire ma kana iya shanya su su zama bununin wata barbarar. A rumfar da ke da raga ba sai an rufe kan ba. A fili kuwa a kifa masa hular takarda saboda ƙudan zuma. Leda ba ta yi, tana tara gumi ta ruɓar da shi.

Bayan kwana ɗaya, wani lokacin biyu, kan tsinkayen mace zai yi sheƙi, ya yi danƙo idan haske ya doke shi. Wannan ce alamar ta shirya. Tsoma buroshi a bununi ka shafa a kai har ka ga rawaya ya rufe shi. Masu aikin da yawa yatsa suke amfani da shi, kuma yana yi. Washegari ka maimaita, domin tsinkayen ba sa nuna tare, kuma kowane tsinke ƙwaya ɗaya yake bayarwa. Kafin ka koma kan wani uban, goge buroshi da yatsa da sifirit ka bari su bushe sarai.

Ɗaura takarda nan take, ba anjima ba. Al'adar masu wannan sana'a ita ce a fara rubuta uwa, sannan alamar sau, sannan uba, da kwanan wata. A littafi kowace barbara ta samu lamba. Francis Meilland ya yi wata barbara a watan Yuni na 1935, tsiron da ya fito daga cikinta aka lakaba masa 3-35-40. Da wannan lamba tsiron ya yi shekaru kafin Francis ya sa masa sunan mahaifiyarsa, Madame A. Meilland, kafin a raɗa masa Peace a Amurka ranar 29 ga Afrilu 1945. Shekara goma tsakanin buroshi da wannan suna.

Kada ka yi wa haɗi ɗaya fure biyu ka ce ka gwada. Fure 20 zuwa 30 na haɗi ɗaya ya fi haɗi 30 na fure ɗaya-ɗaya, domin sai 'ya'yan sun yi yawa kake gane halin gidan.

Jira, sanyi, tsiro

Cikin mako biyu zuwa uku za ka san sakamako. Wanda bai kama ba wuyansa zai yi rawaya ya faɗi. Wanda ya kama gindinsa zai kumbura ya zama ƙwallo kore. Yana ɗaukar wata uku zuwa huɗu kafin ya nuna ya koma ruwan lemo ko ja, wasu ire-iren ma ba sa canja launi sosai, sai dai ka ƙirga kwana daga littafi. Kada a bar shi ya yi laushi a kan uwa. Tsinke, tsaga da wuƙa, ka ƙwaƙule ƙwayoyin. Daga ɗaya zuwa ashirin ake samu, masu tauri kamar tsakuwa, cikin wani gashi mai sa ƙaiƙayi. Wanke su tas, domin naman da ya rage a jiki yana jawo fumfuna.

Ƙwayar wardi ba ta tsirowa sai ta ga sanyi, haka aka halicce ta don ƙasashen da ke da ƙanƙara. Za ka yi mata hunturun ƙarya: zuba ta a jakar leda da yashi mai ɗan danshi ko dusar ɓawon kwakwa, danshin da in ka matse ba ruwan da zai ɗiga, ka sa lambar a ciki da waje, ka ajiye a firji a digiri 4 zuwa 5 na mako 8 zuwa 12. Firji, ba firiza ba. Kada a ajiye ta tare da tuffa ko ayaba. Kuma sanyin ya zama mai ɗorewa: firjin da ake ɗauke wa wuta kwana biyu a kawo kwana ɗaya ba zai yi ba, gara a nemi mai aiki da hasken rana. Duba jakunkunan kowane mako, duk wadda ta fito da farar saiwa a dasa ta.

Sauran a shuka su a faranti, zurfin kusan santimita 1, a ƙasa mai tsafta mai tsane ruwa, a wuri mai sanyi-sanyi, wajen digiri 12 zuwa 16. Zafi yana mayar da ƙwayar barci. Kada ka yi mamaki in kashi ɗaya cikin uku kawai ya tsiro, a wannan dangi hakan ba laifi ba ne. Babban maƙiyi a makonnin farko shi ne ruɓewar gindi, inda za ka wayi gari ka ga jariran tsiro sun kwanta layi guda. Yawan ban ruwa da rashin iska ne ke kawo shi.

Ga lissafi na misali don ka san girman abin. A ƙaddara ka yi wa fure 500 barbara, rabi suka kama, kowane ya ba da ƙwaya 8. Ƙwaya 2,000 ke nan. Kashi ɗaya cikin uku ya tsiro, kana da tsiro wajen 650. Daga cikinsu ne za ka nemi 30 da suka cancanci a sake kallonsu.

Tankaɗe da rairaya

Wani abin daɗi game da wardi mai maimaita fure shi ne ba ya sa ka jira. Mako shida zuwa takwas bayan tsirowa, ɗan tsiron da bai wuce tsawon tafin hannu ba zai yi furensa na farko. Ƙarami ne, fallayensa ba su kai na babba ba, amma launi da siffa sun bayyana. Daga ranar nan aikinka tumɓukewa ne, kullum da safe, da bokiti a hannu.

Mai falle biyar ko goma, bokiti. Mai launin da ya yi dishi-dishi ko ya koɗe a kwana biyu, bokiti. Wanda wuyansa ya sunkuya ƙarƙashin ɗan furen nan, wanda tsakiyarsa ta rabu biyu, wanda farar fumfuna ta rufe alhali maƙwabtansa lafiya lau, duk bokiti. Kada ka fesa maganin fumfuna a wannan mataki, ka bar cutar ta taya ka zaɓe. Murza falle tsakanin yatsu biyu: mai kauri kamar fata shi ake nema, mai laushi kamar alharini ba zai kai filin jirgi ba. Duba ƙaya kuma. Ma'aikatan da ke yanka da ɗaure dubban kara a rana su suka san ciwonta, kuma ƙaya tana yaga ganyen maƙwabcinta a cikin dami, saboda haka iri mai ƙarancin ƙaya yana da daraja a wurin manomi.

Inda zuciya ke yaudarar mutum shi ne wajen ƙamshi. Za ka samu wani tsiro da ƙamshinsa ya cika rumfa, furensa kamar a sace. Sau da yawa kyan ɗan maciji ne: masu ƙamshi sosai sukan zo da lallausan falle, su buɗe da wuri, su zube da wuri. Wannan ne ya sa yawancin wardin kanti ba ya ƙamshi, shekaru aka yi ana zaɓen ɗorewa ana barin hanci. Ba doka ba ce da ba ta karyuwa, Red Naomi yana da ɗan ƙamshi kuma yana ɗorewa. Ka ware irin wannan tsiron gefe, ka ba shi lamba, ka bar gwajin kwalba ya yanke masa hukunci, amma kada ka ba shi wurin wanda ya fi shi kara.

Waɗanda suka tsira a bar su su yi fure na biyu da na uku, a sake ragewa.

A yi masa aure, a kai shi fangali

Tsiron da ya fito daga ƙwaya shi kaɗai ne irinsa a duniya, kuma ƙwayarsa ba za ta maimaita shi ba. Ana yawaita shi ne ta reshe, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure. Hanyar da gonakin yankakken fure suka fi bi an inganta ta ne a Holan, suna kiranta stenten, daga kalmominsu biyu na dashen reshe da aure, domin ana yin biyun a lokaci guda. Ana yanko gaɓa ɗaya ta sabon irin mai ido ɗaya da ganye ɗaya. Ana yanko guntun karan gindi wanda ba shi da ido ko ɗaya, kuma gindin da ya fi yaɗuwa a Gabashin Afirka shi ne Natal Briar. A yanke su biyun a karkace da reza mai kaifi, a haɗa fuskokin, a matse da ɗan maƙali, a tsoma ƙasan a hodar fitar da saiwa, a soka a dusar kwakwa. Cikin laima mai yawa da ɗumin digiri 22 zuwa 25, mako uku zuwa huɗu sun isa haɗin ya kama, saiwa ta fito.

Daga kowace lamba a yi tsiro 6 zuwa 10 a zagayen farko. A dasa su yadda manomi zai dasa, tsiro 7 ko 8 a murabba'in mita, da ban ruwa ta ɗigo, a lanƙwasa rassan farko ƙasa don su ciyar da gindi ya harbo manyan karare. A kowane fangali a sa irin kasuwa mai launi ɗaya da su a matsayin ma'auni. Ba tare da shi ba, zaɓen tumun dare kake yi.

Daga nan sai ƙidaya, shekara guda cur, domin irin da ya yi kyau a rani yana iya lalacewa da damina. Kowane karan da aka yanka a rubuta tsawonsa da nauyinsa da girman kansa. A rubuta kwana nawa daga yanka zuwa yanka, wanda a wurare masu ɗumi yakan kama mako shida zuwa bakwai. A ƙirga juyoyin rassa, waɗanda suke tsawo su ƙare ba fure. A lura da masu kai a murguɗe idan dare ya yi sanyi, da jajayen da bakin fallensu ke baƙi a kan tudu. A rubuta wanda jan gizo-gizon ganye ya fi so, da wanda fumfunar damina ke kakkaɓe wa ganye. Daga 30 za ka sauko zuwa 5, a yi musu tsiro 50 zuwa 100 kowanne, a sake shekara.

Gwajin kwali da kwalba

Wannan shi ne alƙali, kuma gara a fara shi tun karan farko da a jira. Sa fure a ruwa kai tsaye daga rumfa ba gwaji ba ne, kowane wardi zai ci. Sai ka wahalar da shi yadda hanya za ta wahalar da shi. Yanka a matakin da ake yankan kasuwa, sa a bokitin ruwa mai tsafta a ɗakin sanyi ya kwana, ɗaure shi dami, naɗe kan da kwali, kwantar da shi a akwati ba ruwa na kwana huɗu ko biyar a digiri 2 zuwa 5. Sannan a fito da shi, a datse ƙasan karan, a sa a kwalba a ɗakin da ke digiri 20, laima kashi 60 cikin ɗari, haske awa 12 a rana. Wannan shi ne yanayin da ɗakunan gwaji na Holan ke amfani da shi, kuma in ka bi shi lambobinka za su yi ma'ana a wurin mai saye.

Kullum ka duba. Ya buɗe, ko ya tsaya a dunƙule har ya mutu? Wuyan ya sunkuya? Jan ya koma shuɗi-shuɗi? Akwai ɗigo ruwan ƙasa a fallen waje, alamar fumfunar botiraitis, wadda ita ce ta fi cin kaya a hanya? Kantunan Turai sukan yi wa mai saye alkawarin kwana 7, saboda haka irin da bai kai kwana 10 zuwa 12 a gwajinka ba, ba shi da rarar da zai cika wannan alkawari. Ga furen kuma da ake turawa ta teku daga tashar Mombasa ta Kenya, tafiyar kusan wata guda a kwantena mai sanyi, akwai buƙatar gwaji na biyu: akwati ya yi mako huɗu a sanyin da ya kusa daskarewa kafin a buɗe.

Wanda ya wuce wannan sai a kai shi inda za a noma shi. Shi ya sa manyan kamfanonin Turai suke da rumfunan gwaji a gefen tafkin Naivasha na Kenya, kusan mita 1,900 sama da teku, da wasu a wuraren da suka fi nan tudu. Iri ɗaya yana ba da ƙaramin kai da yawan kara a ƙasa-ƙasa, ya ba da babban kai da ƙarancin kara a sama, launinsa ma ya canja. Ana ba manoma biyu ko uku tsiro ɗari-ɗari bisa yarjejeniya a rubuce cewa ba za su yawaita ko su sayar ba, a aika 'yan akwatuna gwanjon fure na Aalsmeer da ke Holan ko wurin dillali a ji abin da masu saye za su ce. Daga barbara zuwa nan, shekara biyar zuwa bakwai sun wuce.

Rajista da suna

Kafin ka sayar da kara ɗaya ka shigar da takardar neman haƙƙin mai iri, domin a ƙa'idar UPOV, yarjejeniyar ƙasashe kan kare sababbin ire-iren tsirrai, iri yana rasa sabuntarsa idan an sayar da shi fiye da shekara 1 a ƙasar da ake neman rajista, ko fiye da shekara 4 a wajenta. A Tarayyar Turai ofishin yana birnin Angers na Faransa. A Kenya hukumar duba lafiyar tsirrai, KEPHIS, ce ke yi. Nijar da Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, Najeriya kuma ta yi dokarta ta kare sababbin ire-iren tsirrai a 2021. Za a shuka irinka a gwada abu uku: ya bambanta da duk wanda aka sani, tsirransa sun yi kama da juna, kuma halinsa ba ya canjawa bayan an yawaita shi. A ƙasar da za a noma da ƙasar da za a sayar, duka biyun ake rajista, don ta nan kuɗinka ke fitowa, manomi yana biyan la'ada a kan kowane tsiro ko kowace murabba'in mita.

Suna biyu ake ba shi. Na rajista yakan fara da harufan kamfani, kamar Tan97544, wanda kasuwa ta sani da Freedom, ko Lexani, wato farin nan Avalanche. Na kasuwa kuwa gajere ake so, wanda dillali a Nairobi da mai kanti a Mosko za su iya furtawa.

Ƙa'idar ta yarda ka yi barbara da irin wani mai rajista, abin da ya fito naka ne. Tsiron bazata kuma hukuncinsa daban. Wani lokaci reshe ɗaya a jikin tsohon iri yakan fito da wani launi haka kawai, kamar yadda Ophelia ya haifar da Madame Butterfly a 1918, ko Avalanche ya haifar da Sweet Avalanche mai ruwan hoda. Tun gyaran yarjejeniyar na 1991, irin wannan ba a sayar da shi sai da izinin mai asalin irin. In reshen ya fito a jikin naka irin, ɗaura masa ƙyalle, yi masa aure daban, ka yanka shi sau uku ko huɗu ka tabbatar bai koma launin uwarsa ba.

Lambobin da suka kai zagayen ƙarshe suka faɗi kada a ƙone su duka. Wanda ya yi kwana 16 a kwalba amma karansa gajere, da wanda ba shi da ƙaya amma launinsa bai yi ba, a mayar da su layin iyaye, a rubuta su a jerin barbarar shekara mai zuwa, mai dogon kwana a matsayin uwa in yana ƙulla 'ya'ya.